Yadda Washinton ta sauke wa jihohin Amurka kayan asibiti da na abinci

Ranar 4 ga Yulin 2025, ranar da Amurkawa ke bikin samun 'yancin kai, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata doguwar dokar haraji da kashe kuɗi. Da kyar dokar ta sha. A Majalisar Dattawa kunnen doki aka yi, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa J.D. Vance ya raba gardama da ƙuri'arsa. A Majalisar Wakilai kuma 218 suka rinjayi 214. Ba a rufa wata biyu ba gwamnan Kolorado, Jared Polis, ya katse wa 'yan majalisar jiharsa hutu, ya kira su zaman gaggawa a Denver. Kasafin kuɗin da suka gama tsarawa suka watse ya ɓule, giɓin ya haura dala miliyan 700. Dalili kuwa shi ne Kolorado a kan lissafin harajin tarayya take ɗora nata harajin, don haka da Washinton ta yi wa mutane da kamfanoni rangwame, kuɗin shigar jihar ma sai ya zube ba tare da an tambaye ta ba. Wannan somin taɓi ne kawai, domin babban nauyin dokar, wato na lafiya da tallafin abinci, bai ma fara sauka ba a lokacin.

Ofishin da ke yi wa majalisar dokokin Amurka lissafin kasafi, wanda ba ya ɓangaren kowace jam'iyya, ya ƙiyasta cewa a cikin shekara goma dokar za ta zabge fiye da dala biliyan 900 daga abin da tarayya ke zubawa a shirin Medicaid na inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, da kimanin biliyan 186 daga shirin tallafin abinci na SNAP, kuma mutum miliyan 10 za su ƙaru a sahun marasa inshorar lafiya nan da 2034. Waɗannan alƙaluma su suka cika jaridu. Abin da bai cika fitowa fili ba shi ne hanyar da kuɗin zai bi ya fita. Kusan babu inda dokar ta ce a cire wane daga rajista ko a rufe asibiti kaza. Ta dai canza lissafin da ke tsakanin tarayya da jihohi, ta bar wa gwamnoni wuƙar.

Asusu biyu, majinyaci ɗaya

Mai karatun da ya saba da tsarin Nijeriya ya fara ajiye rabon arzikin ƙasa na wata-wata a gefe, babu irinsa a Amurka. An taɓa gwada wani mai kama da shi a zamanin Nixon a 1972, ya mutu a shekarun 1980. Jihohin Amurka da harajinsu suke rayuwa, harajin albashi da na saye da sayarwa, kuma abin da ke zuwa musu daga tarayya, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu, a ɗaure yake da aiki takamaimai. Ya fi kama da kuɗin UBEC, inda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauki na Abuja. Fiye da rabin wannan kuɗi na Medicaid ne shi kaɗai.

An kafa Medicaid a 1965 zamanin Lyndon Johnson, tare da ɗan'uwansa Medicare. Mutane kan rikita su. Medicare na tsofaffi ne daga shekara 65, tarayya ce ke riƙe da shi kacokan. Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ne da naƙasassu da yaransu, kuma jiha ce ke gudanar da shi, ita ke rajista, ita ke biyan asibitoci, sannan tarayya ta mayar mata da wani kaso na duk abin da ta kashe. Kason ya dogara da arzikin mutanen jihar. Masu hali irin su Kalifoniya da Niyok ana ba su kashi 50 cikin ɗari, shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Misisifi, wadda ta fi kowa talauci, tana samun kusan kashi 77. Ma'ana duk dala ɗaya da Misisifi ta fitar daga aljihunta tana janyo fiye da dala uku daga Washinton.

Shirin ba ƙarami ba ne. Mutum fiye da miliyan 70 ne a cikinsa. Haihuwa huɗu cikin goma a Amurka shi ke biyan kuɗinta, kuma mafi yawan tsofaffin da ke kwance a gidajen jinya shi ke ɗauke da su, har da waɗanda suka yi rayuwar rufin asiri sai jinya ta cinye abin da suka tara.

A 2010 dokar lafiya ta Obama ta buɗe ƙofa ga wani sabon rukuni: manya masu lafiya waɗanda samunsu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, kimanin dala 21,600 a shekara ga mutum ɗaya a lissafin 2025. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba za a tilasta wa jiha shiga ba. Don a kwaɗaita musu, tarayya ta ɗauki nauyin wannan rukuni gaba ɗaya daga 2014 zuwa 2016, sannan ta sauko a hankali zuwa kashi 90. Jihohi 40 da birnin Washinton suka karɓa. Goma suka ƙi, ciki har da Teksas da Fulorida da Jojiya, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin dokar 2025 ta fi dukan jihohin da suka karɓa.

Saura abu ɗaya da idan ba a riƙe shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta biya buƙatun yau da kullum, kuma tana yi kowace shekara. Ita kanta wannan doka an ƙiyasta za ta ƙara giɓin kasafin tarayya da dala tiriliyan 3.4 cikin shekara goma. Jihohi ba su da wannan gata. In ban da Vermont, kowace jiha tana da wani nau'in doka da ke tilasta mata daidaita shiga da fita. Tana iya sayar da takardun lamuni ta gina gada, amma ba ta iya ranto kuɗin biyan likitoci na bana. Idan aka rage mata dala ɗaya, a cikin shekarar nan za ta nemo ta ko ta yanke wani abu.

Harajin da ke komawa hannun wanda ya biya

Mafi ɗaurin kai a cikin dokar, kuma inda jihohi za su fi jin jiki, shi ne abin da ake kira harajin masu ba da magani. Ga yadda yake aiki. Jiha ta ɗora wa asibitocinta haraji, a ce ta tara dala 100. Sai ta ɗauki wannan ɗari ta ce shi ne kasonta na Medicaid, ta ƙara wa asibitocin farashin da take biyansu. Idan jihar mai kashi 50 ce, tarayya ta ɗora wata ɗari, asibitoci su karɓi 200 a madadin ɗarin da suka bayar. Idan mai kashi 75 ce, su karɓi 400. Idan kuwa kuɗin ya tafi ga rukunin nan mai kashi 90, ɗari ɗaya na janyo ɗari tara. Baitulmalin jiha bai fitar da ko sisi ba, asibitoci sun ci riba, tarayya ta biya. Shi ya sa za ka ga ƙungiyoyin asibitoci suna roƙon majalisar jiha ta ƙara musu haraji, abin da ba ka ji a bakin wani ɗan kasuwa. Kowace jiha tana yin wannan in ban da Alaska.

Masu goyon bayan dokar sun ce wannan wayo ne, kuma gaskiya ba su yi ƙarya ba. Ba 'yan Republican kaɗai suka faɗi haka ba. Gwamnatin Obama da kanta ta taɓa ba da shawarar a sauko da iyakar wannan haraji zuwa kashi 3.5 cikin ɗari na kuɗin shigar asibiti, majalisa ba ta karɓa ba. Amma wayon ya shekara fiye da talatin yana aiki da sanin kowa da amincewar doka, har ya zama ginshiƙin da aka ɗora rufi a kansa. Albashin ma'aikatan jinya da ɗakunan haihuwa na ƙauyuka a kansa suke tsaye. Wanda zai zare ginshiƙi don bai yi masa kyau ba, ya kamata ya faɗi abin da zai tokare rufin da shi, kuma dokar ba ta faɗa ba.

Abin da ta yi shi ne hana ƙirƙiro sabon haraji irin wannan ko ƙara wanda ake da shi a ko'ina. A jihohin da suka faɗaɗa Medicaid kuma, iyakar da take kashi 6 cikin ɗari na kuɗin shigar asibiti za ta riƙa sauka da rabin maki kowace shekara daga kasafin 2028 har ta kai 3.5 a 2032, sai dai an tsame gidajen jinyar tsofaffi daga wannan saukowa. Haka kuma ta sa wa ƙarin kuɗin da jihohi ke umartar kamfanonin inshora su biya asibitoci linzami: kada ya wuce farashin Medicare a jihohin da suka faɗaɗa, ko kashi 110 nasa a waɗanda suka ƙi.

Karolina ta Arewa ta nuna inda wannan zai kai. Sai a Disamban 2023 ta faɗaɗa shirin bayan shekara goma ana ja-in-ja, mutum fiye da 600,000 suka shiga. 'Yan Republican da ke riƙe da majalisar jihar sun yarda ne bisa sharaɗin cewa kashi 10 na jiha daga harajin asibitoci zai fito, ba daga baitulmali ba, kuma suka rubuta a doka cewa idan lissafin ya rushe shirin ya tsaya. Sanata mai wakiltar jihar a Majalisar Dattawan tarayya, Thom Tillis, ɗan jam'iyyar Trump, ya ƙi kaɗa wa dokar ƙuri'a saboda wannan, ya kuma sanar a makon da ake ƙuri'ar cewa ba zai sake neman kujerarsa ba. Jihohi tara ne ke da irin wannan tarko a dokokinsu, wanda zai rufe faɗaɗawar da kansa idan kason tarayya ya sauka. Majalisa ba ta taɓa kashi 90 ɗin ba, ta bi ta bayan gida ta taɓa inda jiha ke samo goman.

A Missouri da Oklahoma da Dakota ta Kudu kuma matsalar a juye take. Can masu zaɓe ne suka cusa faɗaɗawar cikin kundin tsarin mulkin jiha ta ƙuri'ar raba gardama, don haka gwamna ba ya iya soke ta ko ya so. Dole giɓin ya fita daga wani wuri.

Awa tamanin a wata

Sharaɗin aiki shi ne ya fi farin jini a wajen jama'a, kuma shi ne mafi girman tsimi a lissafin, fiye da dala biliyan 300. Daga Janairun 2027, duk baligi ɗan shekara 19 zuwa 64 da ke cikin rukunin faɗaɗawa sai ya nuna shaidar ya yi awa 80 a wata yana aiki ko karatu ko aikin sa kai. An ɗauke wa masu ciki da naƙasassu da iyayen yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa. Za kuma a riƙa sake tantance cancanta duk wata shida maimakon sau ɗaya a shekara.

A baki, wa zai ƙi? Mai lafiya ya tashi ya nema. Sai dai kusan biyu cikin uku na waɗannan mutane dama suna aiki, mafi yawan ragowar kuma suna jinyar wani ne ko karatu ko su kansu ba lafiya. To daga ina tsimin biliyan 300 zai fito? Daga mutum kimanin miliyan 5 da ake sa ran za su faɗi daga rajista, kuma an riga an ga yadda suke faɗuwa. Arkansas ta gwada a 2018. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 18,000 suka rasa inshora kafin alƙali James Boasberg ya dakatar da shirin a Maris ɗin 2019. Da farko ta intanet kaɗai ake ba da rahoton awannin, a jihar da ƙauyukanta da yawa ba su da intanet mai kyau. Masu binciken Harvard da suka bi diddigi ba su ga ƙarin masu aiki ba, sun dai ga ƙarin marasa inshora. Jojiya ta buɗe nata a Yulin 2023, ta samu 'yan dubbai kawai, kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar tarayya ya gano abin da aka kashe wajen gudanarwa ya kai kusan ninki biyu na abin da aka kashe a magani. Ko lokacin da aka dawo da tantancewa bayan korona, daga 2023, an cire mutum fiye da miliyan 25, kusan bakwai cikin goma saboda takarda ce: wasiƙa ta tafi tsohon adireshi, fom bai dawo a kan lokaci ba.

Ga jiha, wannan sharaɗi kashe kuɗi ne tun kafin ya zama tsimi. Sai ta sake gina manhajar rajista, ta haɗa ta da bayanan albashi, ta ɗauki ma'aikatan amsa waya, ta horar da su, ta saurari ƙorafi. Dokar ta ware dala miliyan 200 don taimaka wa jihohi duka, kuɗin da jiha ɗaya babba za ta iya lashewa. Mai wankin kwanuka a gidan abinci wanda awanninsa ke hawa da sauka, ko direban da ke aikin kansa ba shi da takardar albashi, shi ne zai zauna a gaban ma'aikacin jiha yana rantsuwa ya yi aiki.

Kuma wanda aka cire bai daina ciwo ba. Tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa na asibiti korar wanda ya zo cikin mawuyacin hali don ba shi da kuɗi. Mai ciwon sukarin da ya daina karɓar magani zai dawo da ƙafa ta ruɓe, asibiti ya yi masa aiki, bashin ya kwanta. Asibitin gwamnati na gunduma ne zai fi haɗiye irin wannan. A karkara, inda asibitoci sama da 100 suka rufe ko suka daina kwantar da majinyata tun 2010, ɗakin haihuwa ne yakan fara tafiya saboda shi ya fi dogara da Medicaid. Don lallashin sanatocin da suka nuna damuwa, an saka asusun dala biliyan 50 na lafiyar karkara, biliyan 10 kowace shekara daga 2026 zuwa 2030. Cibiyar KFF mai nazarin harkar lafiya ta ƙiyasta cewa abin da karkara za ta rasa a Medicaid cikin shekara goma ya kai biliyan 137. Asusun zai ƙare a shekara biyar, ragin kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Tukunyar abinci

Canjin da aka yi wa SNAP ya fi sauƙin bayani, kuma a ganina ya fi zama sabon abu. A 2025 mutum kimanin miliyan 42 ne ke karɓar wannan tallafi a kati, kimanin dala shida a rana ga mutum ɗaya a matsakaici. Tun da aka kafa shirin tarayya ce ke biyan kuɗin abincin gaba ɗaya, jiha kuma ta raba kuɗin gudanarwa biyu da ita. Daga Oktoban 2026 kason jiha na gudanarwa zai tashi zuwa kashi 75. Daga Oktoban 2027 kuma, a karon farko, jiha za ta fara biyan wani ɓangare na abincin kansa, gwargwadon yawan kuskuren da take yi wajen lissafa wa mutane haƙƙinsu. Wadda kuskurenta bai kai kashi 6 ba ta tsira. Daga 6 zuwa 8 za ta biya kashi 5, daga 8 zuwa 10 kashi 10, daga 10 zuwa sama kashi 15.

Kalmar kuskure a nan ba sata take nufi ba. Idan ma'aikaci ya ba iyali fiye da haƙƙinsu kuskure ne, idan ya tauye su ma kuskure ne, kuma yawanci daga canjin albashi ko kuɗin haya da ba a shigar a kan lokaci ba yake tasowa. A 2024 matsakaicin ƙasa baki ɗaya ya kusa kashi 11, kuma jihohin da ke ƙasa da 6 ba su kai goma ba. Jihar da mutanenta ke karɓar dala biliyan 2 a shekara, idan ta faɗa rukunin ƙarshe, sabon bashin dala miliyan 300 ne ya hau kanta duk shekara.

Akwai wani abin dariya mai ciwo a nan. Don a samu ƙuri'ar Sanata Lisa Murkowski ta Alaska, jihar da kuskurenta ya fi na kowa, aka rubuta cewa jihohin da kuskurensu ya haura kusan kashi 13.3 za a jinkirta musu biyan shekara ɗaya ko biyu. Wato jihar da ta yi ƙoƙari ta sauko daga 14 zuwa 11 za ta fara biya kafin wadda ta yi zamanta a 15.

Babban haɗarin yana can gaba, ranar da tattalin arziki ya karye. An gina SNAP da Medicaid ne su kumbura lokacin da mutane suka rasa aiki, kuma a daidai wannan lokaci ne harajin jiha ke bushewa. A 2009, da kuma 2020 lokacin korona, majalisa ta ƙara wa jihohi kason Medicaid don kada su durƙushe. Sabon tsari ya juya wannan: yawan mayunwata na nufin ƙarin kuɗi daga aljihun jihar da ba ta da shi. Hanya mafi sauƙi ta rage kuskure da rage bashi a lokaci guda ita ce tsananta tantancewa har mutane su gaji su bari.

Inda gatarin ke sauka

Gwamnan da giɓi ya same shi gaba kura ce baya siyaki. Ƙara haraji ba abu ne mai sauƙi ba. A Kolorado tun 1992 sai an tambayi masu zaɓe, a Kalifoniya sai kashi biyu cikin uku na majalisa, Teksas da Fulorida kuwa ba su da harajin albashi ma, kuma jihohi da dama sun rage nasu harajin a shekarun 2021 zuwa 2023 lokacin da kuɗin korona ya cika asusu. Akwai asusun ko-ta-kwana, amma ana cin sa sau ɗaya ne. New Mexico, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ke karɓar tallafin abinci, ta kira zaman gaggawa a Oktoban 2025 ta toshe wasu ramukan da kuɗinta, amma ita tana da man fetur da iskar gas a ƙasarta. Jiha irin Kentucky ba ta da irin wannan rufin asiri.

Saura yanka, kuma tarihi ya nuna tsarin da ake bi. Ana farawa da rage farashin da ake biyan likitoci, domin babu wanda aka cire daga rajista, sai dai likitoci su daina karɓar masu katin. Idaho ta rage kashi 4 a 2025. Daga nan a koma kan ayyukan da dokar tarayya ba ta wajabta ba: haƙoran manya, tabarau, da kula da naƙasassu da tsofaffi a gidajensu. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro. Kwantar da tsoho a gidan jinya wajibi ne a kan jiha, amma aiko masa da mai taimako gida ganin dama ne, ko da yake ya fi araha kuma shi mutane suka fi so. Don haka ko da 'yan majalisa suka rantse ba su taɓa naƙasassu ba, kuma a rubuce ba su taɓa su ba, su ne ke kan hanyar gatari. A 2010 Arizona ta daina biyan kuɗin wasu nau'o'in dashen sassan jiki, sai da surutu ya yi yawa ta dawo da shi a 2011. A 2005 Tennessee ta cire manya kimanin 170,000 daga shirinta a ƙarƙashin gwamna Phil Bredesen, ɗan Democrat.

Baƙi ma suna sahun gaba. Kalifoniya da Illinois da Minnesota, waɗanda ke biya wa marasa takardun zama inshora da kuɗin jiha zalla, duk sun ja baya a 2025, wata ta rufe sabon rajista, wasu suka soke na manya. Dokar tarayyar kuma ta cire 'yan gudun hijira da masu mafakar siyasa daga SNAP, da kuma Medicaid daga Oktoban 2026, muddin ba su kai ga samun katin zama na dindindin ba.

Idan lafiya ta gama ba da abin da za ta iya, sai a waiwayi jami'o'in jiha, domin su suna da wata hanyar samun kuɗi. Haka aka yi bayan karyewar 2008, ɗalibai suka biya ta ƙarin kuɗin makaranta. Daga nan zaman kashin dankali ya ci gaba, babba ya danne ƙarami. A jihohi kamar goma, ciki har da Niyok da Ohio da Minnesota da Karolina ta Arewa, gundumomi ne ke gudanar da SNAP, kuma jiha na iya miƙa musu nata kason su nemo shi daga harajin gidaje. A Nuwamban 2025 masu zaɓe a gundumar Santa Clara ta Kalifoniya suka amince a ƙara musu harajin saye da sayarwa don riƙe asibitocin gwamnatinsu. Santa Clara ita ce gidan Apple da Google. Gundumar da ke gaɓar kogin Misisifi ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Ba a nan aka fara irin wannan ba. A 1996 zamanin Clinton aka mayar da tallafin kuɗi na iyalai matalauta dunƙulen dala biliyan 16.5 a shekara, aka ce jihohi su sarrafa yadda suka ga dama. Adadin bai motsa ba tun daga lokacin, hauhawar farashi ta cinye kusan rabin darajarsa ba tare da wani ɗan majalisa ya ɗaga hannu ya ce a rage ba. Jihohin ma ba waliyyai ba ne. A Misisifi mai binciken kuɗi na jiha ya bankaɗo yadda aka karkatar da miliyoyin daloli daga wannan asusu, har da gina filin wasan ƙwallon raga a wata jami'a.

Akwai kuma batun suna. Jihohi da yawa ba sa kiran shirinsu Medicaid a katin da ke aljihun mutane. A Kalifoniya Medi-Cal ne, a Tennessee TennCare, a Oklahoma SoonerCare, a Wisconsin BadgerCare, a jihar Washinton Apple Health. Mutane da yawa da ke riƙe da waɗannan katuna ba su san su ake nufi ba idan aka ce an rage Medicaid. Wasiƙar da za ta zo ta ce an rufe maka, tambarin jiha ne a samanta, sunan hukumar jiha ne a ƙasanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: rangwamen haraji ya fito da sunan Washinton, ya kuma fara aiki nan take, shi kuwa mafi yawan ragin an jera ranakunsa a bayan zaɓen rabin wa'adi na Nuwamban 2026. Sharaɗin aiki Janairun 2027, kason abinci Oktoban 2027, saukowar harajin asibitoci daga kasafin 2028, biyan har dala 35 a wasu zuwa asibiti ga waɗanda suka ɗan haura ma'aunin talauci daga Oktoban 2028. A wannan zaɓe na Nuwamban 2026 jihohi 36 ne ke zaɓen gwamna, kuma mafi yawan waɗanda suka ci za su kama aiki ne a Janairun 2027, watan da sharaɗin awa tamanin zai fara.